Ƙoƙo Biyu a Hannun Kawu Apisalome

Korovesi, Kadavu
9 ga Janairu, 1995

Taubashina Ilisoni,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya, kuma buhunan sukarin da kake lodi a Lautoka ba su karya maka wannan siririn ƙugun naka ba. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana mu sakat tun kafin Kirsimeti. Gwazarmu ta kwari rabi ta ruɓe, rogo ne ya rufa mana asiri. Matarka Torika tana gidan iyayenta har yanzu, 'yarku kuma bana za ta shiga makaranta.

Kirsimeti ta zo ta wuce, jirgin ruwa ya sauke kowa ban da kai. Amma ba don in tsokane ka na sayi kan sarki ba. Maganar Baba ce, kawunka Apisalome.

Ka san shekara talatin da ɗaya ke nan yana hidimar teburin coci. Shi ke wanke 'yan kofunan nan, shi ke shimfiɗa farin ƙyalle, shi ke zagayawa da faranti idan Fasto ya iso mana da Jibin Ubangiji bayan wata bibbiyu. Har yanzu yana yin duk wannan. Sai dai tun zuwanka na ƙarshe, Kirsimetin da ta gabaci wannan, idan ya gama miƙa wa kowa sai ya ajiye farantin, ya koma bencin baya inda masu goyo ke zama, ya haɗa hannuwansa. Ba ya ci, ba ya sha. Sau shida ke nan ina kallo.

Na san kanka ba ya riƙe abu, don haka bari in tuna maka abin da ka yi. An taru a ɗakin taro don yi maka maraba, an dama yangona, dakakkiyar saiwar nan da ake sha a taro, a babban akushi. Baba, wanda shi ne bakin danginmu, wanda ko sarki ke yin shiru idan ya fara magana, ya tashi da kansa ya karɓi ƙoƙon daga hannun mai rabo, ya durƙusa a gabanka ya miƙa maka. Ni da ya haifa bai taɓa yi mini haka ba. Ya yi maka ne don kai ɗan ƙanwarsa ne, kuma a hannunsa ka girma. Kai kuma ka ture da bayan hannu har ya zube a tabarma, ka miƙe tsaye a kan dattawa suna zaune, ka ce ka daina shan ƙoƙon aljanu. Ko 'yan cocin Asabar da ba sa sha sun san su tafa, su karɓa hannu bibbiyu, su yi godiya su mayar. Ba wanda ya taɓa jin haushinsu.

Yanzu yanar ido ta rufe masa idon dama gaba ɗaya, na hagun ma inuwa kawai yake gani. Ya gaya wa Fasto cewa ranar Ista zai ajiye hidimar. Ba na so ya rabu da teburin nan yana zaune a baya kamar wanda aka kama da aladen maƙwabci. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye maka ba.

Kowa a gari ya ce fushi yake yi da kai, kuma ka san shi, ba zai kai Jibi bakinsa da fushi a zuciya ba. Ka rubuto ka ba shi haƙuri. Layi uku ma sun isa, na san riƙe biro yana sa maka zazzaɓi.

Mama tana gaishe ka, ta ce ko kana cin abinci kuwa.

Naka, taubashinka kuma ubangidanka,
Waisake


Lautoka
24 ga Janairu, 1995

Ɗan'uwana Waisake,

Alheri da salama su tabbata a gare ka da dukan gida. Wasiƙarka ta same ni lafiya. Ƙuguna yana nan daram, kai ne ya kamata ka fara damuwa da tumbinka. Ka gaya wa Mama ina ci.

Na ji baƙin ciki da labarin idon Kawu. Mun sa shi a addu'a ranar Laraba.

Da yake ba ka taɓa tambaya ba, bari in gaya maka inda nake sujada. Mu goma sha ɗaya ne, muna taruwa a rumfar bayan gidan Ɗan'uwa Netani, wani direban babbar mota. Ba mu da gangar itace mai kiran mutane, ba mu da mawaƙa masu fararen kaya, sai jita ɗaya wadda igiyarta guda ta tsinke. Amma idan ɗayanmu bai zo taro ba, kafin ya wanke hannu daga cin abinci an ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wannan ita ce zumunta. A Korovesi na yi shekara biyu ban taka coci ba, ba wanda ya zo nemana. Kowa ya san inda nake, domin rabin dattawan cocin suna zaune tare da ni a bakin akushi.

Na yarda miƙewar da na yi a kan manya rashin kunya ce, kuma ture ƙoƙon bai dace ba. Amma maganar da na faɗa ba tawa ba ce, a rubuce take. Mutum ba ya haɗa ƙoƙon Ubangiji da ƙoƙon aljanu. Ba zan canza gaskiya don in faranta wa mutum rai ba, ko da kawuna ne da ya goya ni.

Na sa wata takarda a ciki, ka karanta masa. Na ba shi haƙuri a kan tsayuwar da turewar. Na kuma kwafe masa ayar, don ya ji da kunnensa cewa ba ni na ƙirƙira ba. Na gaya masa ban riƙe shi da komai ba, kuma ina roƙon Allah ya nuna masa gaskiya kamar yadda ya nuna mini.

Kai ma ina yi maka wannan addu'ar, ko da yake taka za ta ɗauki lokaci.

Naka cikin Ubangiji,
Ilisoni


Korovesi
8 ga Fabrairu, 1995

Ilisoni,

Ina gaishe ka don Mama ta koya mini gaisuwa.

Layi uku na roƙe ka, ka aiko da wa'azi. Kai ne ba ka riƙe shi da komai ba? Me ya yi maka da za ka riƙe shi? Da na karanta takardar a bakin gaɓa na so in naɗe ta in hura wuta da ita. Amma Baba ya riga ya ji an kira sunana wajen rabon wasiƙu. Ina shiga gida ya ce, "Daga ɗan Akanisi ne?" Ka san har yau da sunan mahaifiyarka yake kiranka.

Na zauna na karanta masa. Da na zo kan ayar sai ya ɗaga hannu.

"Sake karantawa."

Na ce, "Baba, ai ka fi shi saninta. Tun ba a haife shi ba kake karanta ta."

"Na ce ka sake. Kuma a hankali, ba kamar kana korar kaji ba."

Na sake. Sai ya ce, "Haka take. Yaron bai ƙara ko harafi ba." Sai ya sa aka ɗauko masa zanensa na fita, na riƙe masa hannu zuwa gidan rasuwa a ƙauyen ƙetare, inda ya karɓi yangonar masu ta'aziyya ya yi jawabi kamar kullum.

Ranar Lahadi Fasto ya zo da Jibi. Na bakwai ke nan. Bayan an tashi Fasto ya tare shi a bakin ƙofa ina tsaye, ya ce, "Dattijo, me ke tsakaninka da teburin nan?" Baba ya ce, "Ba abin da ke tsakanina da teburi, Fasto. Tsakanina da hannuwana ne." Fasto ya dube ni, na dube shi. Ni dai ban gane ba.

Sannan wai ba wanda ya zo nemanka shekara biyu. Wa ya nome maka gona lokacin da kake kwance fatarka tana ɓarewa kamar ta ƙadangare saboda shan yangona? Wa yake aika ni da rogo da kifi wurin Torika duk Asabar, ya ce in ce kai ka aiko? Tsohon nan ne, da bayansa mai ciwo. Mu ba mu iya ƙwanƙwasa ƙofa da jita ba, haka muke yin tamu zumuntar. Idan ba ka gani ba, ba laifinmu ba ne.

Saura Jibi ɗaya ya rage masa. Ka zauna da gaskiyarka, ka ci ta da gwaza.

Waisake


Korovesi
20 ga Fabrairu, 1995

Zuwa ga ɗana Ilisoni, ɗan ƙanwata Akanisi,

Ina gaishe ka da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ina gaida Ɗan'uwa Netani da dukan waɗanda kuke durƙusawa tare. Waisake ne ke riƙe da biro, ni nake faɗa, kuma na gargaɗe shi kada ya sa gishirinsa a cikin maganata.

Na karɓi haƙurin da ka bayar. Gaskiya ita ce na yafe maka tun tabarmar ba ta bushe ba. Mutanen gari suna cewa fushi nake yi, na bar su da zatonsu domin ya fi mini sauƙi a kan in yi bayani. Kai zan yi wa bayani.

Ranar da ka faɗi maganar nan na koma gida na buɗe Littafi, a lokacin idon hagu yana ɗan gani. Na samu ayar tana nan yadda ka ce. Na sha karanta ta, amma ban taɓa kawowa a raina cewa da ni take ba. Sai na dubi hannuwana. Da su nake karɓar saiwar yangona ranar Asabar, da su nake ɗaukar farantin Ubangiji ranar Lahadi. Idan yaron nan yana da gaskiya, to shekara talatin da ɗaya ke nan ina haɗa abin da aka ce kada a haɗa. Tsoro ya kama ni, ɗana, kuma har yau bai sake ni ba.

Za ka ce in bar yangonar mana. Na gwada lissafin haka. Amma ni ne bakin dangi. Idan an yi rasuwa ni ke karɓar masu zuwa. Idan za a nemi aure ni ke kai saiwa. Ka tuna shekarar da gidan Usaia da gidan Kitione suka zare adduna a kan iyakar gonar kwakwa? Fasto ya yi musu wa'azi Lahadi uku, ba su ji ba. Sai da aka zaunar da su a tabarma ɗaya suka sha daga ƙoƙo ɗaya, sannan washegari suka iya zama a benci ɗaya a coci. Idan na janye hannuna, ban ga wanda zai karɓa ba tukuna. Na kasa barin mutanena, shi ya sa na bar ɗayan ƙoƙon, kada in sha wa kaina hukunci. Miƙa shi ga wasu kuwa na ci gaba da yi, don ba wanda ya san inda ake ajiye kayan.

Na tambayi Fasto a kaikaice, ya ce ba komai, al'ada ce kawai. Amma Fasto ya fi ni son akushi, shaidarsa ba ta kwantar mini da hankali ba. Kai ne ka sha ka bari. Kai ka ga abin ta ciki da ta waje.

Saboda haka ba haƙuri nake nema a wurinka ba, amsa nake nema. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, ba abin da aka koya maka ba, abin da kai ka sani. Ƙoƙon da na durƙusa na miƙa maka, na aljanu ne? Idan ka ce e, zan ajiye hidima ranar Ista ina zaune a baya, ba zan kuma zargi kowa ba. Amma ina kewar teburin nan. Idan na ji ƙarar kofuna a faranti sai in ji kamar yaron da aka rufe wa ƙofar gida.

Allah ya tsare ka a wurin aiki.

Kawunka,
Apisalome

Ƙari daga mai biro: ban sa gishiri ba. Ban ma san haka abin yake ba sai yau. Ka yi tunani kafin ka amsa, don girman Allah. W.


Lautoka
7 ga Maris, 1995

Kawu,

Ina durƙushe ina gaishe ka. Waisake, ka karanta wannan a hankali, kada ka tsallake komai, ko inda na ji kunya.

Kwana huɗu wasiƙarka tana aljihuna. Ka ce in faɗi abin da na sani, ba abin da aka koya mini ba. Ga shi.

Ka san yadda na zama kafin in bar gida. Abin da ba ka sani ba shi ne na zo Lautoka na ci gaba. An kore ni daga aiki biyu. Ranar da Netani ya tsince ni ina zaune a bayan kasuwa wurin masu daka saiwa, ina jiran a ba ni tsakin da ya rage a turmi. Ya kai ni gidansa, matarsa ta shafa mini man kwakwa a fata wata guda kamar jariri. A gabansu na yi wa Allah alkawari ba zan ƙara sha ba.

Da na zo waccan Kirsimetin, watana biyar ne kacal da bari. Ina shiga ɗakin taron ƙanshin ya buge ni, bakina ya cika da yawu. Da ka durƙusa a gabana, Kawu, hannuna ya riga ya fara tashi zai tafa. Na san idan na karɓa ba zan iya mayarwa ba kamar yadda 'yan Asabar suke yi. Zan shanye, in nemi na biyu, kuma ba zan koma Lautoka ba. Tsoro ne ya sa na ture. Da na ga kowa ya zuba mini ido sai na rarumo magana mafi nauyi da na sani na jefa, don kada a gane halin da nake ciki. A wasiƙar da ta wuce ma ɓuya na yi a bayan ayar.

Ni ba malami ba ne. Abin da idona ya gani shi ne, a hannunka saiwar nan ta sa an mayar da adduna kube. A hannuna ta cinye gonata, ta kori Torika da 'yata. Aljanin da na sani ba a cikin ƙoƙonka yake ba, a maƙogwarona yake, kuma har yanzu yana nan yana jira. Ni dai ta haramta gare ni har in mutu. Amma abin da ka miƙo mini ranar nan girmamawa ce, ni kuma na zubar da ita a ƙasa. Ba ni da ikon raba ka da teburin Ubangiji, kuma ban yarda Ubangiji ya raba ka da shi ba.

Waisake, yanzu da kai nake. Takarda ba ta isa wannan laifin ba. Ka hau gonar tudu da Kawu ya yanka mini, yangonar da na shuka ta kai shekara biyar. Ka tono wadda ta fi girma, da ganyenta da komai, ka kai masa ban haƙuri yadda ake yi. Ka san mahaifina baƙo ne daga Lau, ba ni da dangin uba a garin da za su yi mini magana. Kai kaɗai gare ni, Allah ya ji ƙaina.

Na gaya wa Netani abin da zan yi. Ya ce a wurinmu wanda ya ba da ita daidai yake da wanda ya sha, ko a hannun wa take. Na ce masa bai san kawuna ba. Ya ce in sake tunani. Na riga na yi.

Ɗanka mai laifi,
Ilisoni


Korovesi
27 ga Maris, 1995

Taubashi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. An yi, kuma bayana bai gama yafe maka ba. Saiwar nan sai da muka yi mu uku kafin ta fito. Rago irinka ya shuka abu mai kyau haka, wannan ma abin a ba da shaida ne a coci.

Ranar Asabar da hantsi aka yi. Matsalar ita ce gidan da zan kai ban haƙurin gidanmu ne. Sai na fita ta ƙofar kicin, na zagaya ta bayan coci da itacen a kafaɗa, na dawo ta ƙofar baƙi na durƙusa a waje. Mama tana leƙe tana toshe baki. Dattawa shida suna ciki, har da Usaia da Kitione.

Baba ya ce, "Wane ne a ƙofa?"

Na ce, "Baƙo ne daga Lautoka."

Ya ce, "Ikon Allah. Baƙon Lautoka da muryar malalacin ɗana. To ya shigo."

Na shiga da rarrafe na ajiye a gabansa. Jawabin da na kwana uku ina haddacewa ya gudu ya bar ni. Na yi ta kame-kame, na kira sunan dangi ba daidai ba, Kitione ya gyara mini sau biyu. A ƙarshe na ce, "Baba, ɗan Akanisi ne. Ya zubar da girmanka a tabarma, ya ce ƙarya ya yi don tsoro. Ga kansa a ƙasa." Na sunkuyar da kai.

Ka san idan mai gida bai taɓa saiwar ba, ba a karɓa ba. Ya bar ni a sunkuye har wuyana ya ƙage. Sai na ji hannunsa yana laluben ganyen, ya bi reshen har ƙasa, ya dafa. Ya yi maganar karɓa gajeriya, dattawa suka tafa.

Na ɗauka an gama, sai ya ce, "Ku tsaya, ni ma ina da laifi, kuma a gabanku na yi shi. Na san yaron nan ciwo gare shi, ni na nome gonarsa. Amma na ɗauki abin da ke kashe shi na kai masa har baki, a gaban jama'a, inda ba shi da hanyar ƙi. Girman kaina nake kallo, ban kalle shi ba." Usaia ya ce ai al'ada ce. Baba ya ce, "Al'ada ba ta hana ni tambayarsa a bayan ɗaki tukuna ba." Ya ce daga yau duk wanda aka san yana fama da yangona, a riƙa tsallake shi wajen rabo ba tare da an kira sunansa ba. Ya ce in rubuta maka yana neman gafararka. Ga shi na rubuta.

Da mutane suka watse na tambaye shi, "To Baba, ranar Ista fa?" Ya ce, "Ista ba ta zo ba tukuna. Je ka wanke ƙafafunka, ka cika mini tabarma da laka." Iyakar abin da na samu ke nan. Amma jiya na ji shi yana rera waƙar Jibi a bayan gida, ƙasa-ƙasa.

Yaya kuka ƙare da direbanka?

Naka,
Waisake


Lautoka
5 ga Afrilu, 1995

Waisake,

Na gode. Ban taɓa zaton zan rubuta maka wannan kalmar ba, ka adana takardar.

Ka gaya wa Kawu ba shi da laifin da zan yafe, amma tunda ya nema, na yafe.

Game da Netani, ranar Lahadi ya faɗa a gaban 'yan'uwa cewa zan yi wata uku ba na cin Jibi tare da su. Doka ce da muka yarda da ita tun farko, har da ni. Yana faɗa yana hawaye. Ba a kore ni ba, ina zuwa, ina waƙa, idan an zo rabo sai farantin ya wuce ni. Ya fi zafi fiye da yadda na zata.

Kada ka gaya wa Kawu wannan kafin Ista, ko bayanta ma. Ka ji ko?

Naka,
Ilisoni


Korovesi
18 ga Afrilu, 1995

Ɗana Ilisoni,

Almasihu ya tashi. Ina gaishe ka da dukan 'yan'uwa na rumfa.

Kada ka ga laifin Waisake. Na ji takardar ta fi abin da ya karanta mini tsawo, na sa shi ya koma farko. Tun yana yaro bai iya ɓoye ko ɗan kifi a baki ba.

Ranar Lahadi na ci, na sha. Fasto da kansa ya miƙa mini. Na yi kuka a gaban mata da yara, ban kuma ji kunya ba. Bayan haka na miƙa makullin akwatin kayan ga wanda zai gaje ni.

Wata ukun nan kada ka daina zuwa, kada kuma ka riƙe Netani a zuciya. Shi ya ɗauke ka daga bayan kasuwa, ni ban yi ba. Ka ce masa wani tsoho a Kadavu yana ambaton sunansa a addu'a kowace safiya, ko ya so ko bai so ba.

Da nake cika kofuna da safen nan na ƙara ɗaya a kan yawan mutanenmu. Aka gama rabo yana nan a faranti. Waisake ya matso ya ce tunda shi ya ɗauki saiwarka, shi ya yi maganarka, shi ya sunkuya a madadinka, bari ya ƙarasa aikin. Na buge masa hannu. Wancan duk ana yi wa mutum. Wannan kuwa sai ka zo da bakinka.

Jirgin Disamba yana isowa ranar Alhamis. Zan sa a kai ni bakin gaɓa.

Kawunka,
Apisalome